Jan biro a kan mujallar Hafsatu: gyara ne ko cin fuska?

Hafsatu Mabera: Assalamu alaikum. Don Allah malamai da 'yan jarida da ke nan, ina son a duba min wani abu, don raina a ɓace yake kuma ba na son in yanke hukunci cikin fushi. A kwas ɗinmu na tsara mujalla an ce kowa ya fitar da tasa tun daga bangon gaba har na baya, da Hausa ko da Turanci. Na yi tawa da Hausa, shafi 14. Akwai ado da kwalliya, akwai girki, akwai ƙwallon Turai, akwai wuraren yawon buɗe ido, sai wata hira da na yi da wani badukku a unguwar Madunka a nan Sakkwato, na sa ta a shafi na 11. Kuɗin bugu kaɗai sai da Yaya ya cika min. Jiya aka dawo mana da su, na samu 13 cikin 30. Ba makin ne ya fi ƙona min rai ba, rubutun da Malam ya yi ne. A bango ya rubuta, "Wace ce wannan? Wa ya ɗauki hoton?" A wurare uku daban ya rubuta, "Wa kike yi wa magana?" A shafin yawon buɗe ido ya zagaye Argungu ya rubuta 1991 kawai, ba bayani. A shafi na ƙarshe ya sa "14?" A kan hirar badukku kuma ya ce, "Mujallarki a nan take, me ya sa kika binne ta?" Sannan ya ɗaga ta a gaban aji yana buɗe shafukan. Bai kira sunana ba, amma kowa ya san tawa ce. Wannan gyara ne ko cin fuska?

Nura Gawon Nama: Sha uku cikin talatin kike kuka? Ƙanwata, mu da muka ga bakwai muka yi sujadar godiya fa?

Hafsatu Mabera: Yaya Nura don Allah ba wasa nake yi ba.

Baba Ɗanjumma: Wa alaikumus salam ɗiyata. Ni ban yi boko mai zurhi ba, amma na tsuhwa cikin maɗaba'a, kuma zancen 14 ɗin ga nawa na. Mujallar da aka ɗinke da waya a tsakiya, takarda guda ake ninkewa biyu, sai ta ba da shahi huɗu. Don haka shahuka huɗu-huɗu suka tahiya: 8, 12, 16, 20. Babu 14. In kin kawo muna 14, ko dai mu bar maki shahi biyu hwari hwat, ko mu manna takarda da gam, kuma duk wanda ya san aiki da ya buɗe zai gani. Wanda ya buga maki ita bai gaya maki ba don kuɗinai yaka so. Malamin ga bai zalunce ki ba nan wurin.

Hafsatu Mabera: Gaskiya ne Baba, akwai farare biyu a ƙarshe. Na ɗauka haka ake yi. Amma ai da ya rubuta min haka da na gane, ba lamba da alamar tambaya ba.

Aminu Arkilla: Ajinmu ɗaya da Hafsatu, kuma zan faɗi abin da na gani. Malam ya yi bayanin ninkin huɗu a aji tun farkon zango, har ya yage takarda ya nuna mana. Ranar ajin bai cika ba. Maganar Argungu kuwa, abin da aka rubuta shi ne bikin kamun kifi na Argungu yana cikin abubuwan alfaharin Jihar Sakkwato. An cire Kebbi daga Sakkwato a 1991, Zamfara kuma a 1996. Ina jin daga wani tsohon rubutu na intanet aka kwaso. Ni ma ban tsira ba, 16 na samu. Amma ɗaga mujallar a gaban aji, ban ji daɗinsa ba, don na ga yadda 'yan baya suka riƙa waiwayenta.

Zainab Runjin Sambo: Ni duk wannan bai dame ni ba, kuskuren shekara da na shafi ana gyarawa. Abin da ya tsaya min a rai shi ne "mujallarki a nan take". Wato yarinya ta yi shafi goma a kan abin da take so, shi kuma ya zaɓi shafin dukanci ya ce shi ne mujalla. Me ya sa duk lokacin da ɗan Sakkwato zai yi rubutu sai an tura shi Hubbare, ko majema, ko kasuwar raƙuma? 'Yan matan garin nan ba sa kwalliya ne? Ba sa kallon ƙwallo? Ku shiga gidan biki a Mabera ku gani. Sai ka ce mu kayan tarihi ne, ba mu da zamani. Malaman nan suna da wani hoto na Arewa a kansu, duk wanda ya fita daga cikinsa sai a rage masa maki.

Nura Gawon Nama: Zainab ta taso. A ba ta hanya.

Anti Rabi: Zainab, na ji ki, kuma ƙorafinki yana da tushe, ni ma a gidan rediyo na sha faɗa a kansa. Amma kafin mu ɗora wa malamin nan laifin, Hafsatu ki amsa min tsakani da Allah. Matar da ke bangon, wace ce?

Hafsatu Mabera: Daga Pinterest, shafin hotuna na intanet, na samo ta Anti. Ta yi kyau ne da laffaya.

Anti Rabi: Shafin kwalliya fa, da wa kika yi magana?

Hafsatu Mabera: Ban yi hira ba, na haɗa bayanai ne daga wurare daban-daban na fassara.

Anti Rabi: Girki da ƙwallo?

Hafsatu Mabera: Su ma haka.

Anti Rabi: To kin gani, Zainab. Ba dukanci ya zaɓa ba. Shafin da ɗalibarsa ta taka da ƙafarta ya zaɓa. A duk shafuka 14 ɗin nan wuri guda ne kawai ta tashi ta je, ta yi sallama, ta zauna, ta yi tambaya, ta ɗauki hoto da hannunta. Sauran kowa mai waya da data zai iya haɗa su yana kwance a kan katifa. Da a ce shafin kwalliyar ne ta je wurin mai lalle a unguwarsu ta tambaye ta amare nawa take yi a mako idan an shiga lokacin bukukuwa bayan salla, da yadda tsadar kaya ta sa ta ƙara kuɗi, ko ta shiga babbar kasuwa ta tambayi masu atamfa da leshi wane zane ne ke tafiya bana, wallahi da a wannan shafin zai rubuta "mujallarki a nan take". Ba wanda ya hana ta zamani. Zamanin garin nan ake nema, ba na matar da ba mu san ko 'yar wace ƙasa ba ce.

Kuma maganar hoton ba ƙarama ba ce. A aji maki kawai za a rage. A wurin aiki kuwa mai hoto yana iya kai ƙarar gidan, don dokar haƙƙin mallaka ta 2022 tana nan, kuma ƙa'idojin aikin jarida da aka amince da su a Ilorin a 1998 sun yi magana ƙarara a kan ɗaukar aikin wani ba tare da ambaton mai shi ba. Bar ma ta doka. A garin nan ka sa fuskar 'yar mutane a bangon mujalla ba da saninta ba, ka san abin da zai biyo baya.

Zainab Runjin Sambo: Na yarda da maganar hoto. Amma Anti ki duba wahalar. Namiji zai ɗauki waya ya shiga ko'ina. Mace ɗaliba sai ta nemi izini a gida, sai ta samu mai raka ta, sai ta biya Keke Napep zuwa da dawowa, ga rana. Sannan yawancin matan da za ta so ɗauka ba za su yarda a sa fuskarsu ba. Malam ya lissafa wannan kafin ya ba da 13?

Anti Rabi: Wahalar gaskiya ce, ba na musu. Amma ai ta je Madunka, wurin maza ma, ta kuma dawo da labari. Zancen fuska kuma, mai lalle hannu ake ɗauka. Tela ɗinki ake ɗauka. Mai ɗaurin ɗankwali ana ɗauka ta baya. Rabin aikinmu a nan shi ne sanin yadda za ka nuna abu ba tare da ka tona asirin mai shi ba.

Bashir Kalambaina: Ku bar wahalar da kanku. Ta sayi littafin malamin? In ba ta saya ba, ga amsar nan. Wace makaranta ce ma, kuma wane malami?

Malam Sani: Bashir, a'a. Ba za a kira sunan makaranta ko na malami a nan ba, kuma ba ka da hujjar abin da ka faɗa. Wanda ke son kuɗin littafi ba ya ɓata dare yana rubutu a kowane shafi, maki yake dangwarawa ya wuce.

Hafsatu, ni malami ne, ko da yake ba aikin jarida nake koyarwa ba, kuma zan raba maganar biyu. Abin da ya rubuta daban, yadda ya isar da shi daban.

Tambayar da ya maimaita sau uku ita ce uwar sauran. Mujalla ba tarin abubuwan da mai ita ke so ba ce, magana ce da wani mutum takamaimai. Ki duba waɗanda suka yi suna da Hausa. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita a Zariya a 1939 ta san mai karatunta: mutumin da ya koyi boko da Hausa, yana son labarin duniya da na ƙasarsa cikin harshen da yake ji, har ya karanta wa na kusa da shi. Mujallar Fim da ta fara a 1999 ta tsaya a kan masu son finafinan Hausa, ba ta ce sai ta koya musu noman albasa ba. Ke kuma shafi na 3 kina magana da amarya, na 6 da saurayi mai gardamar Arsenal a majalisar shayi, na 9 da baƙon da bai taɓa zuwa Sakkwato ba. Wanne daga cikinsu zai ciro kuɗi ya saya? Idan kika amsa wannan, sunan mujallar da launinta da hoton bango da irin tallan da za ki nema duk za su biyo baya da kansu.

Amma inda zan ce abokin aikina ya gaza, ko da ban san shi ba, shi ne a taƙaitawa. Lamba da alamar tambaya tana aiki ne ga ɗalibin da ya riga ya san amsa ya manta. Ga wanda bai sani ba, tana zama kacici-kacici, kuma ɗalibi mai jin haushi ba ya warware kacici-kacici. Layi ɗaya ya isa: "Shafuka su zama 12 ko 16." Na san dalilin, don idan aji ya haura ɗari, kowa da mujallarsa, hannu na gajiya. Dalili ne, amma bai wanke shi duka ba. Ɗagawa a gaban aji kuma, ni ina yi, sai dai ina tambayar mai aikin tukuna, kuma ina farawa da shafin da ya yi kyau.

Aminu Arkilla: Malam, a gaskiya da shafi na 11 ya fara. Ya karanta sakin layi na farko da ƙarfi, ya ce a duk ajin babu wanda ya buɗe labari haka. Daga baya ne ya koma bango.

Nura Gawon Nama: Af! Hafsatu, wannan ɓangaren kuma ina kika bar shi?

Hafsatu Mabera: Lokacin kunnuwana sun riga sun toshe. Ina ganin bangona a hannunsa na sunkuyar da kai.

Anti Rabi: Turo mana sakin layin mu gani.

Hafsatu Mabera: Ga shi. "Kafin ka ga rumfar, warin fata ne zai fara yi maka sannu da zuwa. A ciki wani dattijo ne zaune, wuƙa a dama, jar fata a kan gwiwa, bai ɗago ba sai da ya kai ƙarshen yankan." Daga nan na shiga yadda ake jeme fatar da bagaruwa, a rina ta ja da karan dafi, da abubuwan da yake ɗinkawa, gafaka da kube da tumtum da takalma. Ya ce min samari yanzu sun fi son acaba da sayar da kayan waya a kan zaman koyo.

Anti Rabi: Yarinya, kina da wannan a hannu kika je kika ɗauko matar Pinterest? Ga bango nan ai. Jar fata a kan gwiwa, hannu da wuƙa. Kuma fatar jar akuyar Sakkwato ba ƙaramin labari ba ne, ita ce aka daɗe ana ƙetare Sahara da ita har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko, saboda ta can take isa gare su. Maganarsa ta ƙarshe a kan samari kuma ita ce kanun labarin.

Zainab Runjin Sambo: Rubutun ya yi kyau, ban ƙi ba. Amma kun gani ko? Mun dawo kan fata.

Baba Ɗanjumma: Zainabu, hwata ba ta zagi kowa ba. Ɗiyata Hafsatu, ina da tambaya. Dattijon ga na Madunka, da Hausar Kano yay yi maki magana?

Hafsatu Mabera: A'a Baba, Sakkwatanci zalla. Ni na mayar da ita daidaitacciya. Malam ma ya rubuta a gefe, "Haka ya faɗa?" Na manta ban ambata ba.

Aminu Arkilla: To a nan ni ban gane ba. A kwas ɗin Hausa an ce mana daidaitacciyar Hausa ake rubutu da ita. A nan kuma an ce a bar "munka" da "shina". Wanne za mu bi?

Malam Sani: Duka biyu, kowanne a wurinsa. Bayanin marubuci a yi shi da daidaitacciya, don mai karatu a Zariya ko Damagaram ya bi ba tare da tuntuɓe ba. Amma abin da aka sa tsakanin alamun zance amana ce, maganar mutum ce kamar yadda ta fito daga bakinsa. Idan kika canza ta, ko dai ki cire alamun ki ce "ya bayyana cewa", ko ki bar masa harshensa.

Anti Rabi: A rediyo ma ba mu da zaɓi, muryar mutum ake ji. Kuma ita ce ke sa mai sauraro a Wurno ko Illela ya ce wannan namu ne.

Bashir Kalambaina: Duk wannan dogon Turanci a kan mujallar da ba wanda zai saya. Wa ke karanta takarda yanzu? A koya musu TikTok kawai.

Anti Rabi: Bashir, a TikTok ɗin ma idan ba ka san wa kake yi wa magana ba, kai da ƙannenka ne za ku kalla.

Hafsatu Mabera: Akwai wani abu kuma. A kwamfuta komai lafiya, amma da aka buga, duk inda ƙ da ɗ da ɓ suke a kanun labarai sai wani akwati ya fito. A nan bai rubuta komai ba, ya dai ja layi a ƙarƙashi. Hotunan Madunka kuma sun yi dishi-dishi, jan ya koma kamar ƙasa.

Baba Ɗanjumma: Wanga ciwo kullum muna ganinai. Salon haruhwan da kika zaɓa don ƙawa ba shi da masu ƙugiya, ko kuwa kwamfutar mai bugu ba ta da irinai. Ki nemi wanda ad da su, irin Noto ko Charis. In da manhajar zane ta CorelDraw kika aiki, kahin ki kai, ki zaɓi rubutun duka ki danna Ctrl da Q shi koma zane, amma ki aje kwahi guda da ba ki mayar ba, don bayan nan ba a iya gyaran harahi. Sannan ki hitar da PDF. Zancen launi, allon kwamfuta da haske yaka aiki, RGB, injin bugu kuwa da tawada huɗu, CMYK. Ki mayar tun kina tsarawa, ki ga jan da za ki samu na gaskiya. Ki bar rarar milimita 3 ko wane gehe saboda yanka. Hoton kuma ta ina kika tura shi kwamfuta?

Hafsatu Mabera: Ta WhatsApp na tura wa kaina.

Baba Ɗanjumma: Shi ya kashe shi. WhatsApp matse hoto yakai. Bugu na son ɗigo 300 ko wane inci. Ki tura da waya ta kebul, ko ki aika shi ta WhatsApp ɗin a matsayin takarda, wato Document, ba hoto ba.

Zainab Runjin Sambo: Yanzu duk abin da Baba ya faɗa a nan kyauta, shi ne malami ya taƙaita da jan layi. Ni har yanzu ina kan bakana, 13 ta yi kaɗan ga wadda ta rubuta sakin layin da ya fi na kowa.

Malam Sani: Mai yiwuwa. Ba mu ga yadda ya raba makin ba. Hafsatu, haƙƙinki ne ki tambaya nawa aka ware wa rubutu, nawa wa tsari, nawa wa hoto. Ki je ofishinsa da mujallar a hannu, ke da ƙawarki, ba don neman ƙarin maki ba. Ki ce kin gane uku daga cikin gyaran, kina son bayanin sauran. Ki kuma gaya masa cikin ladabi cewa ɗagawar ta yi miki nauyi. Malamai da yawa ba su san yadda abin ke sauka ba sai an faɗa musu.

Aminu Arkilla: Ya ce wanda ke so zai iya sake kawowa kafin jarrabawa, amma bai yi alkawarin canza maki ba.

Hafsatu Mabera: Zan je. Ban ce na huce ba dai. Idan zan sake, in rage zuwa 12 ko in ƙara zuwa 16? Ina tunanin in mayar da ita ta sana'o'in matasa da 'yan mata a cikin gari, in cire ƙwallo da yawon buɗe ido, in nemi mai lalle da wata mai ɗinki a layinmu. Zainab, za ki raka ni?

Zainab Runjin Sambo: Zan raka ki, da sharaɗin mai lallen ce a bango.

Anti Rabi: A ɗauko hotunan biyu tukuna, a ajiye su gefe da gefe, sannan a yi wannan faɗan.

Baba Ɗanjumma: Sha biyu. Takarda ta yi tsada, kuma ba ki da labarin cika 16. Ki tahi Madunka da hantsi, rumhunan ga duhu gare su in rana ta take.